Isufu Sinima da Jan Bajimin Turai

"Duk wani tsohon fim da anka taɓa sawa takarar kyauta, tun daga na baƙi-da-fari har na jiya da marece, ni Isufu na cinye shi na suɗe kwano."

Abin da yake hwaɗi ke nan kullum a fadar samarin bakin tashar Filinge, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya, shina hura shayin da ba shi ya sayi sukari ba. Kai da ba ka san shi ba, abokina, tsaya in zana maka shi. Dogo ne siriri awa karan gero da fari ya kama. Baƙin tabarau ba ya barin idonai ko cikin ɗaki, ga wani gyale da yake naɗewa ga wuya cikin zahin bazara, wai haka manyan masu sharhin sinima ke yi. Sana'atai ta gaskiya kabu-kabu ce, ɗaukar mutane bisa moto mai taya biyu. Amma in tsautsayi ya hau da kai moto nai, kahin ka sauka sai ka ji wane fim ya cancanci kyauta shekara arba'in da sunka wuce, da wane alƙalai sunka zalunta, ko kana so ko ba ka so. Gari ya laƙa mishi Isufu Sinima. Shi ko ya ƙara ma kainai Parfesa, ba wanda ya ba shi.

To ga asirin, kada ka ce ni na hwaɗa maka. Isufu bai taɓa kallon fim ya kai ƙarshe ba. Wayatai ƴar mitsitsiya ce, gilashinta ya tsattsage awa gindin tabki da rani. Ya kalli farko, ya sa yatsa ya tsallake tsakiya, ya leƙa gaba kaɗan, sauran sai ya cike da baki. Faransancinai kuma nan ya tsaya inda ya baro lakkwal, makarantar boko, bai ƙara ko taki ba.

Ana nan sai Madam Hamida, wadda ke riƙe da radiyon gari, ta samu majigi da tarin tsoffin fina-finan da anka taɓa zaɓa takarar kyauta, wasu masu sinimar yawo sunka bar mata. Tana neman wanda zai riƙa ba mutane bayani da Hausa in ana haskawa, kuma kowace Alhamis ya shiga radiyo ya yi sharhi. Ba ta rufe baki ba Isufu ya iso, ya ce mata radiyon ga tun da anka gina ta muryatai take jira. Madam ba ta da yawan magana. Ta ce ran Lahadi, ranar kasuwa, bayan la'asar, za a haska ɗaya a gidan samari. In ya yi bayani mai kyau, hilin Alhamis nashi ne. In ya kwaɓa, ta ba wani.

Ranar nan Isufu ya sa anka rubuta "ɗan jarida" bayan moto nai, ya kuma gaya ma matatai Fiddausi ta daina aikenai sayen daddawa, bai dace da matsayinai ba.

Yanzu sai ya ga fim ɗin kahin Lahadi. Ya nuhi rumfar Aminu mai caji, wanda ordinatarshi, wato kwamfuta, ke da komi: fim, wa'azi, kokowa, bikin mutane. Yadda Aminu ke aiki, yanka fim yake gida ukku don ya shiga ƙananan wayoyi, kuma ba suna bisa kowane yanki sai lamba. Aminu ya samo fim ɗin zai tura, Isufu ya ture shi da gwiwar hannu, ya ce masanin sinima ba a tura mishi fim awa ƙauye. Ya ja yanki na farko, ya ja na biyu, na ukku sai hannu ya zame ya jawo na layin ƙasa. Shi ko wannan ba fim ba ne. Bidiyon rigakahin shanu ne da wasu ƴan porje, masu aikin taimakon makiyaya, sunka ɗauka bara.

Ya koma gindin iccen bedi ya buɗe. Baƙi da fari ne. Wani Bature mai doguwar kwat shina yawo cikin ƙanƙara da kare, wata mata ta tahi ta bar shi, shi ke nan shina ta kallon taga. Isufu ya tsallake, ya tsallake, ya faɗa yanki na ukku. Kwatsam sai ga kala. Ga rana, ga ƙura, ga wani jan bajimi, ga wani mai rawani ya ba da baya shina jan igiya.

Wani mai hankali da ya ce an yi kuskure. Isufu sai ya bugi cinya. Ya ce ka ga zurhin fim! Ashe Baturen nan baƙin ciki ya koro shi daga ƙanƙara ya zo ƙasar baƙar fata ya zama makiyayi, rana ta dafa shi, kuma kalar da ta shigo alama ce zuciyatai ta samu sanyi. Ya kashe waya nan take don kada caji ya ƙare, ya ce ai ya gama ganewa.

Daga nan duk wanda ya hau moto nai sai ya sha labarin bajimin Turai. Ran Alhamis bajimin ya kai girman rumbu. Ran Juma'a tozonai kaɗai ya ishi gari walima. Kahin Asabar ƙahoninai ba su shiga ƙohwar gari sai an karkata su. To kai ka san mutanen Kurfai, wannan yanki namu na Filinge. Ka ce musu Bature na kuka cikin ƙanƙara, su ce Allah shi kyauta. Amma ka ce bajimi, ka taɓa inda ke musu ƙaiƙayi. Ran Lahadi makiyayan Imanan da na Damana sunka bar kasuwar shanu tun ba ta watse ba, sunka cika gidan samari da sanduna da malafuna, har ba wurin aje takalmi.

Cikinsu har da Baba Idrisa, uban Fiddausi, tsoho mai shanu daga wajen Imanan. Ka san yadda surukuta take a nan. Isufu bai kama sunan tsohon ga, bai cin abinci gabanai, bai haɗa ido da shi, garkenai ma bai taɓa takawa ba. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, kai ƙasa, sannan ya zame ya kama makiro. Tsoho ya zamna layin gaba ya gitta sanda bisa ƙahwa.

Anka toshe tagogi da tabarmi, gurup mai ba da wuta ya tashi, bango ya haska. Isufu ya gyara gyale ya shiga aiki. Da Bature ya tsaya kallon taga, ya ce hadari yake duba, shina son ya yi shibka. Da matar ta mare shi, ya ce zanen sallah ne bai kawo ba. Karen kuma wai ɗan sandan asiri ne, a sa mishi ido. Mutane sunka yi haƙuri. Jim kaɗan wani daga baya ya tambaya ina bajimin, Isufu ya ce shina tahe, babban abu ba ya saurin hitowa.

Anka shiga ƙarshe, ƙanƙara ba ta daina zuba ba. Bature ya samu benci ya zamna. Kare ya kwanta. Bango ya yi baƙi, rubutu ya hau tahiya sama.

Sai wani mutumin Damana ya ce shi fa jakinai ya baro ɗaure cikin rana saboda bajimi, ba don wanga mai mura ba. Guna-guni ya tashi, sanduna sunka fara taɓa siminti. Madam Hamida ta juyo tana kallon Isufu ta saman gilashinta.

Nan ne ya kamata ya nemi ƙohwa. Ina. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankali, kwahin Madam ne mahassada sunka datse ma wutsiya, na asalin na cikin aljihunai. Madam ta dubi sandunan nan, ta karɓi katin wayar ta sa.

Kala ta cika bango. Jan bajimi ya hito shina tona ƙasa, ɗaki ya ɗauki sowa. Isufu ya kumbura har gyale ya matse shi. Ya matsa gaban bango ya nuna mai rawanin nan da ya ba da baya.

"To jama'a, ga inda alƙalan Turai sunka hana su kyauta. Bajimi ya yi wasanai, ba ni da ta cewa. Amma ku dubi wanga ɗan wasa. Dubi riƙon igiya, awa mai shanyar wanki. Dubi ƙahwahu, awa tsohuwar kujera. Wanga ko akuya anka ba shi sai ta kai shi ƙasa. Da ni ne mai fim, shi zan ɗaure ga turke in ba bajimin rawanin."

Bai lura ba sowa ta mutu tun kan akuya. Makiyaya sun riga sun gane bajimin, don su sa ɗaya ba ya ɓace musu ko cikin dubu. Shi ko ya ɗauka ilimi ne ya kashe musu baki, har ya ƙara da cewa irin waɗanga ke ɓata sunan kiwo.

Sai mai rawani ya juyo. Ya sauke amawali ya share zuhwa, ya yi murmushi. A waya fuskar ba ta kai ƙwayar wake ba. A bango ko ta kai ƙyauren ɗaki, har giɓin haƙorinai ana gani. Baba Idrisa ne. Wata murya ta hito daga lasifika da Hausa tsantsa tana bayanin allurar ciwon huhun shanu.

Tabarau ya zamo ma Isufu har bisa leɓe. Ba damar kallon tsoho, ba damar kiran sunanai, ba damar gudu don ƙohwa ta cushe. Ya sulale ya durƙusa, makiro na hannunai a kunne.

Tsoho bai ko dube shi ba, don shi ma ba ya magana da suruki kai tsaye cikin taro. Madam ya juya ma, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, ki gaya ma mijin Fiddausi bajimin na nan gida. Gobe da hantsi shi zo shi gwada muna riƙon igiya, mu ma mu ƙaru."

Kiran suruki ba a ƙin shi. Da hantsi Isufu ya isa garke, ya iske rabin kasuwar jiya ta riga shi, har Madam da ƴar na'urar ɗaukar murya, wai ta zo jin ra'ayin makiyaya. Anka miƙa mishi igiya. Ya kama ta da yatsa biyu, ya ce ma bajimi sannu da Faransanci. Bajimi ya dube shi sau ɗaya ya sunkuyar da kai.

Abokina, ban san doguwar ƙahwa na da amfani ba sai ran nan. Bajimi ya taso, Isufu ya zagaya turke, ya tsallake kwarya, ya haye wani gawo da ko biri sai ya yi shawara. Shina bisa, bajimi na tunkuyin gindin icce, shi ko shina kiran innatai, ya kira Fiddausi, da abin ya ƙi sai anka ji ya ɓare baki da sunan da bai taɓa kamawa ba tun ran ɗaurin aure: "Idrisa! Idrisa, kama abinka!" Tsoho ya bari ya ƙara kira sau biyu, sannan ya yi ɗan fito, bajimi ya juya ya bi shi awa ɗan maraƙi.

Madam ta ce ta ga abin da mutane ke so. Hilin Alhamis ya koma shirin lafiyar dabbobi, Baba Idrisa ke magana, kuma Isufu ke ɗauko shi da moto ya jira shi waje cikin rana. Sai dai Madam ba ta da mugunta, ta ce tunda yaron ga na son radiyo haka, ba za ta hana shi shiga ba. Kowace Alhamis da kururuwar kan gawon nan ake buɗe shirin.

Kana zaton ya daddara? Makon jiya ya ɗauki wata tsohuwa ƴar Abala daga tasha, tun ba su kai kwanar farko ta hanya ba ya gaya mata ita yau ɗan jarida ke tuƙa ta, duk Alhamis muryatai ce ta farko da ke hita radiyo. Tsohuwa ta leƙo ta dubi fuskatai da kyau, ta riƙe baki.

"Allah sarki, ɗana, ashe mutum ne. Mu can Abala mun ɗauka bunsuru ne anka dandaƙa."