Addu'ar Sauka Lafiya a Duniyar Wata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka 'yan ajin su Hanifa Birmingham ba. Hanifa ita ce babbar 'yata, kuma ta kai shekarun nan da yarinya ke ganin ko atishawar uwarta abin kunya ce. Makarantarsu ta nemi iyayen da za su raka yara kallon baje kolin takardun tafiyar farko da mutane suka yi zuwa duniyar wata, sai na ba da sunana (maigidan ma sai da ya tambaye ni ko lafiya).

Tun a unguwarmu ta Old Trafford a Manchester, kafin mu shiga bas, ta ja ni gefe. "Mama, please, ban da surutu. Ban da raba wa ƙawayena cincin. Kuma kada ki kira ni Hanifatu." Na ce na ji na ɗauka. Cincin ɗin dai yana cikin jaka.

Da muka isa, na yi ta bin gilasai ina leƙe kamar 'yar ƙauye. Ga tsarin tafiyar, ga hotuna, ga tulin takardu da aka buga duk maganar da matafiyan suka yi da masu kula da su a nan ƙasa. Har inda suka yi dariya an rubuta cewa an yi dariya. Nan na tsaya na kasa gaba.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana saurayi a Gusau ya ji labarin saukar nan a rediyo, kuma ya ba mu shi ya fi a ƙirga. Yakan kwaikwayi shuuu ɗin rediyon da baki, ya ce rabin majalisarsu sun ƙaryata, shi kuwa abin da ya dame shi ɗaya ne: "Su waɗannan bayin Allah, iyayensu mata sun iya cin abinci kuwa?" Ina nan Manchester ya rasu, kafin in gama kukan farko an kai shi makwancinsa. Ba ni da muryarsa ko ta minti ɗaya. Ga wasu an adana dariyarsu a gilashi, ni kuwa yadda Baba ke cewa "uwata ta kaina" kullum ƙara dusashewa yake a kunnena.

A ƙarshen zauren akwai kujeru da abin sauraro, irin manyan nan masu toshe kunne ruf, don a ji ainihin muryoyinsu lokacin sauka. Na zauna na saka. Shuuu ɗin nan na Baba ne ya fara tarbata, sak. Na lumshe ido. Sai ga ni a tsakar gidanmu bayan la'asar, ƙafarsa a miƙe kan tabarma. Can na ji na ƙasa yana sanar da su cewa mai ya kusa ƙarewa, su kuwa ba su sauka ba. Wallahi na manta an yi abin nan tun ba a haife ni ba.

"Innalillahi! Ya Allah ka sauke su lafiya, suna da iyali! Ya Hayyu ya Ƙayyumu! Kai malam, ka sauka mana, me kake jira!"

A tunanina a zuci nake yi (duk wanda ya taɓa toshe kunne ya yi magana ya san sauran). Da na ji sun taɓa doron watan, na ɗaga hannu biyu sama: "Alhamdu lillahi! Baba, sun sauka!"

Na buɗe ido, fuska sharkaf da hawaye. Zauren tsit. Yara sun yi cirko-cirko, malamarsu ta dafe ƙirji, wani dattijon Bature mai kula da wurin ya taho da kofin ruwa yana tambaya ko a kira mini motar asibiti. Wani yaro ɗan Pakistan ya ce, "Ameen, aunty," ajin ya tuntsure da dariya. Hanifa kuwa ta ja gyalenta ta rufe fuska har haɓa.

Har muka dawo ba ta dube ni ba. Na ce shi ke nan, na jawo wa yarinya abin tsokana har ta gama makaranta. Ni kaɗai na cinye cincin ɗina a kujerar baya.

Ina wanke-wanke bayan magariba ta shigo kicin ta miƙo mini waya. Ashe wata ƙawarta ta ɗauke ni bidiyo tun daga innalillahi. Na ce ta goge don girman Allah.

"Na sa ta goge nata," in ji ta. "Wannan nawa ne." Sannan da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Me ya sa kika ce Baba?"

Na tsane hannu na ba ta labarin, har da shuuu ɗin. Sai da na gama na lura ta danna ɗaukar murya.

Yanzu duk addu'ar da zan yi a cikin jama'a, sai na fara taɓa kunnena na tabbatar babu komai a kai. Mutanen dai sun sauka lafiya, kuma har gobe ban yarda babu hannuna a ciki ba.