Eskwaya Mai Gwangwanin Na'ana'a

Ko zan manta da komai na zaman Jidda, ba zan taɓa mantawa da ranar da laƙabina ya kusa hana ni aure ba.

Mu 'yan Najeriya kun san mu da son laƙabi. A gida na ga lauyoyi suna liƙa "Eskwaya" a bayan sunansu, abin ya burge ni, sai na ɗora wa kaina (ban tambayi kowa ma'anarsa ba, daɗin faɗi kawai na ji). Nan da nan ya bi ni. Duk kasuwar Balad, inda nake dakon katan-katan a wani shagon turare, ba mai kirana da sunan yanka.

To, sai Allah ya haɗa ni da Su'ad, 'yar Hausawan Sudan da ke unguwar Hindawiyya. Ranar da zan je gaida mahaifinta ta ja mini kunne: "Abbana in ya kama mutum da ƙarya sau ɗaya, halas, ba maganar aure."

Na tafi da abokina Sabi'u, sarkin zaƙewa. Ko gahawa ba mu kurɓa ba ya ce, "Baba, wannan da kake gani Eskwaya ne guda!"

Dattijon ya gyara zaman tabarau. Ashe malamin tarihi ne a Sudan kafin ya zo Saudiyya. Ni dai ban yi sa'a ba.

"Ma sha Allah," ya ce. "A Ingila ta da, mai filaye ake kira haka. Ƙauye guda ke noma a ƙasarsa, shi ke da babban gida, shi ke sasanta rigima. Ya waladi, ɗana, kai ina naka filayen suke?"

Tsoro ya kama ni, na ga Su'ad tana kuɓuce mini ina kallo. Sabi'u ya buɗe baki (na san gonaki zai shimfiɗa mini daga Kano har Zariya), na take masa ƙafa.

"Baba," na ce, "mu biyar ne a ɗaki a unguwar Waziriyya. Duk ƙasar da na mallaka tana cikin gwangwanin madara a kan taga, na shuka na'ana'a. Dako nake yi."

Sai dattijon ya fashe da dariya har da share hawaye.

"Ai kafin masu filaye, asalin sunan na matashin da ke ɗaukar wa barde garkuwa ne," ya ce. "Kai irin na farko ne, mai ɗaukar kayan wani. Da ka ƙirƙiro mini gona, da ƙofar nan ka bi. Yalla, sha gahawarka, ka turo manyanka."

Alhamdu lillahi! Ban taɓa shan gahawa mai daɗin ta ranar ba.

Tun daga nan, kafin in ɗauki suna sai na tambayi abin da ke biye da shi. Surukina kuwa bai bar ni ba. Duk Juma'a in na je gaisuwa sai ya ce, "Eskwaya, yaya amfanin gona?" Ni kuma in miƙa masa ganyen na'ana'arsa a leda.