Ranar da Guga Ya Maƙale da Haladu

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san Haladu Mai Igiya. Ko bai san fuskarsa ba ya san tafin ƙafarsa, don shi aka fi gani daga ƙasa. Sana'arsa yi wa bishiya aski. In darbejiyarka ta kwanto kan katanga, ko mangwaro ya fara zungurar kwanon rufi, ko reshe ya doshi wayar wuta, shi ake kira. Zai zo da igiya a kafaɗa da adda a ƙugu, ya tuɓe silifa, ya ɗaga murya yadda masu hawa ke yi tun kaka da kakanni: "Za a hau sama, a kintsa." Mata su ja mayafi, wanda ke makewayi ya gaggauta, don a gidajenmu ba kowane makewayi ne ke da rufi ba. Sannan ya tofa yawu a hannu ya bi gindin bishiya. Ya daɗe yana yi bai taɓa faɗowa ba, in ka cire ranar da rina ta taimaka masa, ita ma a kan yashi ya sauka.

To, sai Allah ya haɗa shi da Sa'ade, wata bazawara, 'yar Hajiya Tabawa ta bakin titi. Yana so, tana so, saura Hajiya. Ita kuwa a ba ta gaskiyarta, tana da dalili. Mijin Sa'ade na fari magini ne, daga kan bene ya rikito, ko shurawa bai yi ba. Ranar da Haladu ya je gaisuwa ya durƙusa a zaure, ta bayan ƙyaure Hajiya ta yanke masa hukunci.

Ta ce, "Na taya 'yata takaba ɗaya, ba zan taya ta ta biyu ba. Mutumin da abincinsa ke rataye a reshe, da shi da gawa bambancinsu numfashi. In kana son ta, ka bar hawa."

Haladu ko tunani bai tsaya yi ba. Ya ce, "Hajiya, na bari. Duk ranar da kuka ga ƙafata a kan reshe, na haƙura da Sa'ade, kar ma a neme ni."

Ta ce, "Na ji. Mai unguwa ma zai ji."

Baki dai shi ke yanka wuya. Sai da ya koma gida ya kwanta ya tuna cewa duk duniya ba abin da ya iya sai hawan. Ana haka wani ya tsegunta masa cewa za a yi gwanjon wata mota, irin mai dogon hannun nan da guga a bakinsa, wadda masu gyaran fitilun titi ke shiga a ɗaga su sama. Haladu ya ce abin nema ya samu. Ya sayar da gonarsa ta gado, ya haɗa da babur, ya jawo mota. Jawowa fa nake nufi, don da igiya ta shigo unguwa. Aka yi mata 'yan dabaru ta tashi, ya ɗauki abokinsa Lurwanu direba, ya sa aka rubuta a jikin ƙofa da jan fenti: HAWA SAI BIRI.

Daga ranar Haladu ya zama wani mutum. Wanda muka sani da yagaggen wando da cizon tururuwa har wuya, sai ga shi yana zuwa aiki da hula. In ya zauna a majalisa ba a jin muryar kowa. Ya ce wa tsofaffin abokan hawansa duniya ta ci gaba ta bar su rungume da icce. Ya ce shi yanzu a tsaye yake aiki kamar liman, ba kirci, ba ƙaiƙayi, ba addu'ar kar reshe ya karye.

Abin da ba ya faɗa a majalisa shi ne motar ba ta shiga lungu, unguwarmu kuwa lungu ce zalla. Daga titi take miƙa hannu, inda ya kai nan aikin ya tsaya. Nan da nan bishiyoyin bakin hanya suka koma masu askin rabin kai, gefen titi ƙwal, gefen gida gashi buzu-buzu. In mai gida ya yi magana, Haladu ya ce sabon yayi ne. Motar ta taɓa taka murfin kwatar gidan wani malamin makaranta ta rufta da ƙafa ɗaya, aka yini ana turi. Ga shan mai, sai ka ce an yi mata baki. Amma duk wannan bai dame shi ba, don ba bishiya ya sayi motar ya burge ba.

A ƙofar gidan Hajiya Tabawa akwai wata tsohuwar darbejiya da rassanta suka rufe rabin tsakar gida. Haladu ya ƙudura a ransa zai yi mata aski kyauta, kuma ba tare da ya faɗa ba, a tashi kawai a gan shi a sama. Ya zaɓi wata Asabar cikin bazara, ya ɗauko shaddarsa mai sitaci wadda ya ɗinka don ɗaurin aure, ya fesa turare, wai za shi sarar icce. Da hantsi suka faka a gindin katanga ya shiga guga.

Lurwanu ya leƙo ta taga ya ce, "Ba za ka yi kiran ba?"

Haladu ya gyara hula ya ce, "Wane kira? Kiran nan na masu hawa ne. Ni ba hawa zan yi ba, ɗaga ni za a yi."

Ka ji fatawa. Shi mai hawa, ko ya manta da kira, kafin ya kai reshen farko an ji nishinsa, an ga ganye na motsi. Guga kuwa ba ruwansa da sallama. Kafin ƙiftawar ido ya wuce katanga, ya lanƙwaso ta saman tsakar gida, ya tsaya cak.

Me Haladu zai gani? Hajiya Tabawa zaune a kan tabarma, kai ba ɗankwali, Sa'ade na tsaye a kanta da tsohon buroshi tana shafa mata baƙin rini. Hajiyar da ba bikin da za a yi ba ta sanar da mata cewa su a danginsu ba a furfura ba. An gama ɓarin dama ya yi baƙi wuluk, ɓarin hagu kuwa fari fat kamar audugar da aka shanya. Ta ɗaga kai don ta ga abin da ya tare mata rana, suka haɗa ido da surukinta na gobe, yana reto a sama cikin shadda.

Ta yi salati ta wawuri faifai ta kife a ka. Shi kuma tarbiyya ta motsa, ya durƙusa a cikin guga, sai tsinin hula ake gani. Murya ta sauko daga sama: "Hajiya, ina kwananku?"

Ta ƙara danna faifan a ka. Haladu ya rage murya ya ce, "Lurwanu, sauke ni. Lurwanu, don girman Allah sauke ni." Lurwanu ya ja wannan ƙarfe, ya tura wancan. Mota ta yi tari, ta yi wani nishi, ta ɗauke ɗif. Ya murɗa makulli har hannunsa ya yi ja, ko uffan. Mutum ɗaya ne a garin ya san cikin irin wannan mota, da aka buga masa waya ya ce yana Gumel wajen ɗaurin aure, sai gobe in Allah ya kai mu. Aka ɗauko tsani mafi tsawo a unguwa, bai kai ko rabi ba.

Nan fa aka shiga uku, ba shi kaɗai ba. Daga inda yake, gidajen unguwa a buɗe suke kamar an ɗage murfin kwano. Mata suka dare suka shige ɗaka, tuwo na ƙonewa a murhu, wanki ya jiƙe a baho ba mai fitowa ya shanya. Makewayi kuwa ya zama sai kallo daga nesa. Haladu ya rantse ya rufe idonsa, wata tsohuwa ta amsa daga cikin ɗaki cewa idon da ke sama ba a yarda da rufewarsa. Ya koma ya tsuguna a ƙasan guga, amma guga ƙarfe ne, rana kuma ta bazara. In ya tsuguna ya gasu, in ya miƙe a yi salati daga gida goma. Rana zafi, inuwa ƙuna. Sitacin shadda ya narke, turare ya koma wani abu dabam.

Abin haushin, ga wani ƙaton reshen darbejiya nan dab da hancinsa. Ba sai ya yi tsalle ba, ƙafa kawai zai miƙa. A da, da ido rufe zai bi shi ya dire. Ya dube shi, ya dubi Sa'ade da ke leƙe ta labule tana danne dariya da mayafi, ya kau da kai. Gona ta tafi, babur ya tafi, mutunci ga inda yake reto. In Sa'ade ma ta tafi, to me ya yi ke nan?

Bayan azahar mai unguwa ya iso, don ƙorafi ya ishe shi. Ya tsaya a titi ya kare ido da hannu.

"Haladu, wane irin iskanci ne wannan? Ga reshe nan a gabanka, kama ka sauko."

"Ranka ya daɗe, kai ne shaida. Ƙafata ta taɓa reshe, aurena ya tafi. A tambayi Hajiya."

Aka aika ciki aka tambayi Hajiya. Amsa ta fito a gajarce: ya kwana a can.

Mata suka fara zirga-zirga ta ƙofar baya suna ba Hajiya baki. Wannan ta ce jaririnta na son wanka, waccan ta ce mai gidanta ya dawo ba abinci. Hajiya ta ce ita magana ɗaya take yi. Sa'ade ta ce, "Inna, ni dai ko a cikin gugan ne a ɗaura." Hajiya ta wurga mata maficin da ke hannunta.

Sai dai akwai abin da Hajiya ba ta saka a lissafi ba. Da safe ta sha kunun tsamiya, ta kuma ƙara, shi kuwa kunun tsamiya bai san taurin kai ba. Makewayin gidan yana can ƙarshen tsakar gida, ba rufi, daidai ƙarƙashin guga. Ta daure har aka fara haramar la'asar. Ta zauna, ta tashi, ta kama tasbaha, ta ajiye. Can sai ga ta ta fito lulluɓe da mayafi har ƙasa, buta a hannu, tana taku a hankali.

Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Kai. Sauko."

Hula ta leƙo. "Ta ina, Hajiya?"

"Ta inda ka saba."

"Alkawarin fa, Hajiya? Ku kuka ce..."

"Na janye."

"To ko za a kira mai unguwa ya ji da kunnensa, saboda gaba?"

"Mai unguwa ya ji, unguwa ta ji, uwar unguwa ta ji. Sauko nake ce maka."

Ba ta rufe baki ba Haladu ya cire takalmi ya cafki reshe. Wallahi ban taɓa ganin sauka irin wannan ba. Shadda ta kama wani ƙulli ta yage tun daga kafaɗa, bai ko waiwaya ba. Ya zamo ta gindin bishiya ya dira a titi daidai ƙofar motar da aka rubuta HAWA SAI BIRI, jama'a na tsaye suna karantawa suna dubansa. Unguwa gaba ɗaya aka ji ƙarar buta da guje-guje.

Bayan sallah ya wanke fuska ya je ya durƙusa a zaure, don bai san ko janyewar ta tsaya a saukowa kaɗai ba. An daɗe kafin ya ji takun Hajiya, wannan karon a natse. Ta tsaya a bayan ƙyaure.

Ta ce, "Da kana can sama, me ka gani?"

Ya ce, "Ganye, Hajiya. Ganye kawai."

"Ganyen wane launi?"

"Kore, Hajiya. Ɓari biyun duka."

Da alama amsar ta zauna. Haladu ya ga ƙofa ta ɗan buɗe, ya ce bari ya ƙara gyara zance.

Ya ce, "Hajiya, motar gyara kaɗan take so. Gobe in mai gyara ya dawo shi ke nan, na koma guga, ba ni ba reshe har abada. Gaskiyarku ce tun farko, shi hawa akwai faɗowa."

Hajiya ta ce, "A'a, koma wa igiyarka, ka turo magabatanka. Gara mai faɗowa, ko banza shi yana saukowa."