Ranar da Injin Wankina Ya Yi Tattaki

Jama'a, ranar Asabar injin wankina ya bar inda na ajiye shi shekara shida, ya taka da ƙafarsa ya je ya tokare ƙofar baranda. Laifina ne, ban musa ba. Ƙaton bargon da muke shimfiɗawa a ƙasa na cusa masa shi kaɗai. Bargo ya sha ruwa ya dunƙule gefe guda, da aka zo matsewa sai inji ya kama rawa, bene mai hawa goma sha biyar yana taya shi.

Hankalina ya tashi ƙwarai. An riga an liƙa min takardar gargaɗi biyu a ƙofa, kuma a rukunin gidajenmu in ka cike ta uku, lambar gidanka ake kira ta lasifikar nan da ke bangon kowane falo, wadda ba a kashe ta. Matata ta rantse ran da aka kira mu za ta koma garin Mokpo wajen mahaifiyarta.

Kafin zaɓe, Mai Girma Shugaban Kwamitin Hana Girgiza, Allah ya ƙara masa nauyi, ya yi alkawarin takalman roba huɗu ga kowane inji. Har yau injinanmu ba takalmi. Na'urar auna girgiza ya sayo ta won miliyan talatin na kuɗin ƙasarmu, ya ɗora ta a kan matashi a ofishinsa don kada ta wahala. Tun daga ranar ba ta ji ko motsi ba, rahoto ya ce an ci nasara ɗari bisa ɗari.

Ina kokawa da ƙofa sai ga Gwaggo Mal-sun, tsohuwar da ke ƙasa da mu, da ludayi a hannu, tana kirana da lambar gidana.

"Kai Ɗari Tara da Biyu! Miyata ta fice daga tukunya!"

"Gwaggo, ki rufa min asiri."

"Da furfurarka ba ka san ba a wanke bargo shi kaɗai ba? Jefa tawul uku a ɗaya gefen, nauyi ya daidaita. Injin ɗana ma da kansa yake ganewa. Ya tsaya, ya ƙara ruwa, ya baje kayan, in ya kasa ya yi ƙara ya amsa laifinsa."

Na ce a raina, wannan injin ba zai taɓa cin zaɓe ba.

Muka ture ƙofa, na jefa tawul, inji ya nutsu. Don murna na garzaya ofishin Mai Girma in roƙi afuwa, na zayyana masa dabarar tiryan-tiryan. Ya gyara zama.

"Wato in nauyi ya yi yawa a gefe guda, ba rage shi ake yi ba, ƙara wani ake yi a ɗaya gefen?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya ce in tafi, an yafe min.

Ranar Litinin muna karin kumallo lasifika ta yi gyaran murya. Wai saboda koken jama'a cewa kwamiti ya karkata wajen mutum ɗaya, an naɗa mataimaka uku, kowa da ofishinsa da motarsa. "Muna godiya ga wanda ya kawo wannan shawara, mai gida lamba ɗari tara da biyu." Sau uku aka maimaita. An gudu ba a tsira ba.

Yanzu haka matata na ɗaure kaya. Na dai ba ta shawara ta raba su jaka biyu, kada ta karkata a hanya.