Katangar Da Na Sa Aka Gina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi bikin sabuwar ƙofar makarantar unguwarmu a Miri ba, ko da kuwa na so in manta.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ba a yi mini wayo. Shi ya sa matan unguwa suka tura ni kwamitin iyaye. Da gwamnati ta aiko da kuɗin gyara, aka ce kwamiti ne zai faɗi abin da za a yi, sai na gyara ɗaurin zane.

Shugabar makarantar, Malama Rifkatu, ta ce a haƙa wa 'yan mata masai, don tsohon ya rufta. Ni kuwa na daɗe ina ganin 'yan matan nan daga ƙofar gidana suna sulalewa gonar dawa ana tsakar karatu, har da jikata Hauwa. (Ban taɓa tambayarta dalili ba. Ni ba na tambaya, hukunci nake yankewa.)

Na miƙe na ce, "Malama, 'ya'yan nan naki ne ko namu? Katanga za a yi, da ƙofar ƙarfe!"

Ta ce, "Mama, bari in gaya miki abin da ke kai su gonar."

Na ce, "Na sani. Zauna."

Maza suka goya mini baya, kuɗi suka tafi a bulo da siminti.

Ranar bikin, a gaban manya daga ofishin ilimi, ni da kaina na damƙa wa maigadi Buba makulli, na ce ko uwarsa ce ta zo kada ya buɗe sai an tashi. Aka tafa. Aka kawo fura da nono, na sha har da ƙari. Jawabi ya ƙi ƙarewa, cikina ya fara murɗawa. Na daure, na yi salati, na ga dai ba dama. Na lallaɓa bakin ƙofa.

"Buba, buɗe."

"Iya, ke fa kika ce ko uwata ce."

"Ni uwarka ce, ɗan nema?"

"Ai kin fi ta. Ina za ki?"

Da ƙarfi ya yi tambayar, har mai jawabi ya dakata, kowa ya juyo. Malama Rifkatu ce ta taso, ta karɓi makullin ta buɗe mini. Na faɗa gonar dawa da gudun da rabona da shi tun ina amarya. A ciki na tarar da 'yar siririyar hanya da ƙafafun yara suka tattake, ta kai ni daidai inda nake nema.

Dariyar da aka yi mini ta wuce. Abin da bai wuce ba Hauwa ce. Yanzu ta zama budurwa, duk wata sai ta yi kwanaki a gida, don ba inda za ta kewaya ta gyara jikinta. Sa'o'inta sun wuce ta, ta fara cewa karatun ya ishe ta. Kuɗin gyara kuwa ba a sake aikowa ba.

Har gobe ina kan bakana cewa iyaye su sa baki a kuɗin makaranta. Sai dai a fara tambayar yaran da ke wuni a cikinta, sannan a ba irina fura, a kulle ƙofa, a ji ko ra'ayinmu zai canza.