Kamu Takwas Na Guntu

"...ya gajiya, bawana? An kwana da wannan tsawon mara amfani?"

"Lafiya lau, guntu. Ta ƙofa ka shigo ko ta ƙarƙashinta?"

Da haka Falalou mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, ya shiga warshar kafintoci da ke unguwar Sukra a Libiya, inda taubashinsa Haroun ke aiki a injin juya katako. Akwatin da ke kunna injin da sauya gudunsa yana can jikin bango, taku huɗu daga inda Haroun ke tsayuwa. Ranar Asabar injin ya cafke hannun rigarsa, ya naɗe har gwiwar hannu kafin wani ya kai ga akwatin. Mudir, shugaban wurin, ya ce ba mai sake kunna shi sai an sa makashi a kusa da hannu, in kuwa ƙafafun kujera ashirin da huɗu ba su fita ranar Alhamis ba, Haroun ya nemi shugul a wani wuri. Yau Talata.

Falalou ya fiddo ɗan akwati kamar sabulu: maɓalli kore, maɓalli ja, abin murɗawa ɗaya, maganaɗisu a baya.

"Ga shi. Kore ya tashi, ja ya tsaya, wannan ya kai ka daga juyi ɗari biyar zuwa dubu biyu. Ko raƙumi zai iya, don haka ina sa rai da kai."

"Ɗaura, surutu ya isa. Goggo ta ce ranar sunanka ma kai ka yi wa liman gyara."

Falalou ya hau benci, ya ɗaura zaren waya biyar a akwatin bango, ya bi da waya ta ƙarfen rufi don ta sauko a kan injin. Ta sauko, ta tsaya tana lilo sama da kan Haroun, nesa da wurin aiki.

"Wannan fa? Fitila na ce ka rataya mini?"

"Kamu takwas ka ce a tarho, kamu takwas na yanko."

"Da hannun wa ka auna?"

"Da nawa mana. Na aro na gawa ne?"

Haroun ya kama hannunsa ya jera da nasa, gwiwa da gwiwa. Yatsun Falalou a wuyan hannun Haroun suka ƙare.

"Innalillahi! Da cokalin shayi aka auna mini waya!"

"Kai wa ya hana ka awo da mita? Shekara bakwai a Libiya, har yau kana awo kamar mai sayar da atamfa a Tasawa."

"To, ƙara guntu."

"Ba na haɗi a cikin garin katako. Ranar da haɗin ya saki, ka danna ja injin ya ƙi ji, wa zai gaya wa Kaltoumi mijinta ya zama ƙafar kujera ta ashirin da biyar?"

Haroun bai yi dariya ba. Ya dubi hannunsa, ya dubi tulin katako.

"Sabuwa fa?"

"Mai shagon wayar ya tafi Ghuddwa ɗiban dabino, sai Juma'a. Amma akwai dabara. Faɗi waye ubangidanka tukuna."

"Allah ya kiyaye!"

"To, sai Juma'a." Ya fara naɗe jaka.

"Tsaya! Kai ne."

"Ban ji ba, muryar tana zuwa daga sama sosai."

"Kai ne ubangidana, tsinannen guntu!"

Minti goma sha biyu aka yi. Falalou ya sauke wayar daga rufi, ya rarrafa ƙarƙashin injin inda Haroun ba zai taɓa shiga ba, ya bi da ita ta ƙafar ƙarfe, ya ɗaure wuri uku. Ɗan akwatin ya manne ƙyam daidai cinyar Haroun, har da rarar taƙi ɗaya.

Haroun ya danna kore, ya murɗa, ya buga ja da gwiwa. Injin ya yi shiru. Sau uku ya gwada.

Sai ya fashe da dariya, ya jawo wata 'yar kujera da ya ƙera, ya ajiye a gaban Falalou.

"Karɓi, ranka ya daɗe. Ka riƙa hawa in za ka ba ni umarni."