Gyaɗa Ɗari da Sha Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar iyaye ta makarantar su Ummi, a shekarar da soja suka miƙa mulki. Ummi ita ce ɗiyata ta fari, tana aji huɗu, kuma Malam Sani mai lissafi ya ce in ta yi ƙoƙari a taron zai sa ta cikin masu zuwa gasar makarantu. Ni da aka cire daga aji biyu, wannan magana ta fi mini kyautar atamfa.

Ana gobe taron Ummi ta ƙirgo soyayyar gyaɗa cikin roba. "Inna, kar a taɓa. Ɗari da sha uku ce, gobe za a raba ta gaban mutane." Ta ɗauki hijabinta ta wuce Islamiyya.

Hankalina ya ƙi kwanciya (dama ba ya kwanciya). Na ce bari in gwada mata, kada yarinya ta je ta ji kunya. Na juye a faifai, na kasa kashi biyu, saura ɗaya. Kashi huɗu, saura ɗaya. Bakwai, takwas, ƙwaya ɗayan nan tana gefe tana kallona. Na ce wayyo, yarinyar nan ta yi kuskuren ƙirga, Allah Ya sa na duba. Na ɗauke ta na jefa a baki. Har da hamdala.

Washegari na goya ƙaninta, muka taka daga Ƙofar Guga. Aji ya cika da iyaye. Ummi ta fito, muryarta rau, ta ce akwai lambobin da ba su rabuwa daidai sai dai a bar su dunƙule ko a kasa su ɗai-ɗai, kuma ɗari da sha uku tana cikinsu. "Wanda ya musa ya zo ya gwada."

A nan na tuna da ƙwayar da na jefa a baki jiya.

Shugaban iyaye, wani Alhaji daga GRA, ya naɗe hannun babbar riga yana dariya. Ya kasa gyaɗar kashi biyu. Hamsin da shida nan, hamsin da shida can, ko ɓawo bai rage ba. "To Malam, ko ni zan karɓi allin ne?" Aji ya kwashe da dariya.

Malam Sani ya juya. "Ummi, ƙirgan ma ya gagare ki? Haka za ki je gasar?" Ummi ba ta ko dubi inda nake ba, ita ba ta taɓa zargina ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Malam, ni na ci."

"Kika ci mi, Maman Ummi?"

"Gudan. Na gwada har kashi takwas, na ga ta ƙi rabuwa ne, na gyara mata."

Wata Hajiya har sai da aka riƙe ta don dariya. Alhajin ya ce, "Wallahi baiwar Allah kin fi mu, ke kin gwada har takwas!" Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige da goyona. Malam ya aika aka sayo gyaɗa a bakin ƙofa, aka cika guda, iyaye uku suka gwada suka kasa. Ummi ta je gasarta.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Tun daga ranar, in na ga abin 'ya'yana ya karkace, sai na tambaya ko haka aka gina shi kafin in kai hannu. Ko baki.